Sai Inna Ta Buɗe

"Haaa," in ji Inna, ta wangale baki a kan kujerar likitar haƙori, ta juyo da ido wajen ɗanta. "Ka gani, Dogo? Ba komai."

Dogo yana maƙale a bakin ƙofa, ƙato guda har da gemu, ya toshe kunnuwa da tafukan hannu. Tela, maƙwabciyarsu mai ɗinki da ta rako su, tana riƙe da gefen rigarsa, kamar hakan zai tsayar da shi in ya tashi gudu. Kaf layinsu an san Dogo: jikin magidanci, hankalin ƙaramin yaro. Ba ya kai loma baki sai Inna ta kai, ba ya tsallake kwata sai ta tsallake. Abin da bai ga ta yi ba, ko za a yanka shi ba zai yi ba.

Shekarun baya an taɓa danne shi a wani asibiti, ƙarti suka hau ƙirjinsa aka cire masa haƙori. Tun daga ranar, ko farar riga ya hango sai ya shige ƙarƙashin benci. Yanzu ga wani haƙorin ya ruɓe. Inna ta sha yawo har takalminta ya suɗe kafin ta dace da wannan likita, wata siririya mai sanyin murya, wadda ta tuɓe farar rigarta ta rataye, ta ce su riƙa zuwa suna zama kawai, ba allura ba komai, har ya saba.

Likita ta haska bakin Inna da fitila don wasan ya yi kama da gaske. Sai Tela ta ga murmushi ya ɗauke daga fuskarta.

"Inna, tun yaushe haƙorin nan na ƙurya ya kumbura?"

"Ke dai duba na yaro, 'yar nan."

"Naki ya fi nasa muni. Ya tara ruwa, yana neman gangarawa wuya. Yau ya kamata a cire."

"Wata rana," in ji Inna, ta sauko tana dariya.

Ranar ce Dogo ya fara ɗosana ɗuwawu a gefen kujerar. Har ya ɗan buɗe baki, iya shigar cokali. Inna ta dinga tafi kamar an ce mata ya yi aure.

A hanyar gida Tela ta kasa haƙuri.

"Haba Inna! Mace ta ce miki yau, kin ce wata rana? Da girmanki?"

Inna ta bari Dogo ya ɗan yi gaba, sannan ta rage murya.

"Wallahi na fi shi tsoro. Duk hawan da nake yi kujerar nan, dauriya ce kawai. In ƙarfen nan ya taɓa ni sai na ƙwalla ihu, na san kaina. Ya ji ihuna kuwa, shi ke nan, har abada ba mai sake ganin cikin bakinsa."

"To ki bar min shi, ki je ke kaɗai."

"Ki riƙe wa? Rannan na ɗan daɗe a banɗaki, ƙyauren ya ɓalle mini. Kuma in dawo da auduga a baki, jini na zuba, ki ce ba zai gane ba? Bari dai a gama nasa. Saura ƙiris."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ran Tela bai so ba ko kaɗan.

Likita ta ba da ƙwayoyi. Kumburin ya ɗan saɓe, Inna ta leƙo ta katanga tana yi wa Tela tsiya: "Ina masu cewa zan mutu?" Bai daɗe ba kumburin ya dawo da ƙarfinsa. Ta naɗe haɓa da gyale, ta koma ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari. Daga kan keken ɗinkinta Tela tana hango su a tsakar gida: Inna a kan 'yar kujerarta ta katako, ta ɗebi loma ta farko ta tauna a gabansa tana murmushi, zufa na tsattsafo mata a goshi. Sai ya sunkuya kan kwanonsa take juya baya ta tofar a hannu.

Sau nawa likita ta kira wayar Tela tana roƙo a kawo tsohuwa. Sau nawa Tela ta shiga da faɗa ta fito da hawaye. Kullum maganar ɗaya ce, saura ƙiris.

Safiyar ranar da aka sa za a yi wa Dogo aiki, Tela ta shiga da mayafinta a kafaɗa. Ta tarar da shi zaune da kwano a gabansa, bai taɓa ba. Inna tana kan kujerarta, wuya ya cika ya haɗe da haɓa, numfashi yana fita da ƙara. Ta ɗaga cokali, ya tsaya a haƙora. Bakin ya ƙi buɗuwa.

"Inna, haaa," in ji Dogo.

Ta yi, ta yi, ya ƙi.

Tela ta fita a guje ba takalmi, ta taso mijinta direba. Maza uku suka tare Dogo a bakin ƙofa yana kururuwa. A cikin mota Inna ta damƙi hannun Tela, maganar tana fita ta tsakanin haƙora.

"Kar a danne shi."

"Ba mai danne shi, Inna."

"Ki fara yi... ya gani."

Kafin rana ta faɗi Inna ta cika a asibiti. Ciwon haƙori fa, jama'a! Tela ta zauna a dandamalin asibiti ta yi kuka har muryarta ta dishe, rabi na baƙin ciki, rabi na haushi.

Da masu gaisuwa suka watse, ƙanen Inna ya tsaya a ƙofar gida yana kaɗa makullin mota.

"Wannan ai sangarta ce. A samu ƙarti su riƙe shi a cire, a huta. In na samo inda ake ajiye irinsu, zan zo in ɗauke shi."

"Ta ce kar a danne shi, Kawu."

"To ke za ki riƙe shi?"

Tela ta tuna ɗakinta ɗaya da 'ya'yanta, ta sunkuya tana naɗe tabarmin gaisuwa.

Washegari da hantsi likita ta zo gidan da kanta, cikin kayan gida, da 'yar fitilarta a jaka. Dogo yana zaune inda ya saba, kuncinsa na hagu ya fara tasawa. Ruwa kaɗai yake ɗan kurɓa tun ranar. Tela ta durƙusa a gabansa, ta ɗebi abinci ta tauna ya gani. Ta wangale baki har muƙamuƙinta ya yi ƙara.

"Haaa, Dogo. Ka gani? Ba komai."

Bai ko dube ta ba. Ya karkata kai ya leƙa ta bayan kafaɗarta, wajen 'yar kujerar katako da gyalen Inna a ninke a kai. Cokali yana hannunsa, bakinsa a rufe, yana jira.