Amawalin Sidi

Ku da ba ku zauna da Buzayen arewacin Takanamat ba, sai an faɗa muku: namiji a cikinsu ba ya buɗe bakinsa a gaban surukinsa. Ba ya ci, ba ya sha, amawalin rawaninsa a jaye har gindin ido. Mu Adarawa mukan tsokane su, mu ce ko bakin na zinariya ne, amma mun san abin ba wasa ba ne.

To, ba a daɗe da samun mulkin kai ba haƙori ya kama wani makiyayi, Sidi. Muƙamuƙi ya kumbura, kumburin ya gangara wuya, har ruwa sai da ƙyar yake wucewa. An yi ƙaho, an yi turare, duk a banza. Matarsa Fatimata ta yi ta kuka har ubanta, tsoho Attahir, ya ɗora shi bisa raƙumi ya nufo garin Tawa da shi. Tsohon shi kaɗai ke jin Hausa a zangonsu, kuma yana son yaron nan kamar shi ya haife shi. Duk tsawon hanya, in Sidi zai kurɓi ruwa, sai tsohon ya tsiri duba ƙafar raƙumi.

A gidan likita suka iske malamin asibiti, Majo Inusa. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai sabon zuwa ne daga kudu, ga jama'a jibge a ƙofa tun safe, ga zafi. Ya ce a gaya wa majinyacin ya sauke rawani. Attahir ya yi ƙasa da murya ya roƙi a bari shi ya fita tukuna. Majo ya ce in ya fita wa zai yi tafinta, ko da bango zai yi magana? Bai rufe baki ba ya sa hannu ya ja amawalin, rawanin duka ya warware ya zube ƙasa.

Ga Sidi zaune kai ba komai, baki a karkace, miyau da mugunya na dalala a haɓa. Attahir ya kau da kai da sauri, amma ya riga ya gani, Sidi kuma ya ga ya gani.

Majo ya leƙa, ya danna, ya ce abin da sauƙi. Gobe su dawo tare a tsaga wurin, a yi ƴan kwanaki ana allura, zai tashi garau. In aka bari kuwa, kumburin zai shaƙe shi. Tsohon ya fassara duka, fuskarsa na kallon bango.

Sidi ya tattara rawaninsa ya naɗa. Da suka fito inuwa Attahir ya ce masa, "Ɗana, ban ga komai ba."

Sidi ya san tsohon nan ba ya ƙarya, yau ga shi ya yi saboda shi, abin ya ƙara masa nauyi.

Bayan azahar Attahir ya shiga kasuwa nemo masa nono. Ya dawo ya iske raƙumi ɗaure, Sidi ba ya nan. Raƙumin na suruki ne, shi ya sa bai taɓa shi ba, da ƙafa ya kama hanya. Har yau in na tuna haushi nake ji, ban kuma san wanda zan ji wa ba. Magani yana nan a ɗaki, allura tana nan, mai yi yana nan.

Wasu mata masu itace suka tsince shi a gindin wata aduwa kan hanyar arewa, rai ya yi halinsa, amawalin a ɗaure tam. Aka kai wa Attahir labari, ya zo. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka kawo ruwa da likkafani, suka ce tunda shi ne nasa, ya matso ya kama a yi wanka.

"Ku yi masa," in ji shi. "Ba zai so in gani ba."

Ya koma nesa ya zauna ya ba su baya, kafaɗunsa na girgiza. Sai da suka ce sun rufe fuskar sannan ya juyo.