Suprar Gidan Mamarasul

Ranar da iddar Zebo ta cika, tun rana ba ta hau kan rumfar inabi ba ta hura tanderu. Mamarasul na zaune a gadon katako a tsakar gida, shayinsa ya huce, yana kallon surukar tasa. Ɗansa Davron ne ya sake ta, ta waya, daga Rasha inda ya tafi aikin gini ya yi zamansa. Ko uban bai shawarta ba. Yayanta zai zo da mota ya ɗauke ta kafin azahar.

Ta fito da supra ta shimfiɗa a ƙasa. Yaran yanzu ko sunan ba su sani ba, leda suke shimfiɗawa a tebur. Supra kuwa fatar tunkiya ce da aka jeme har ta yi laushi. A kanta ake tankaɗe, a kwaɓa gurasa, a murza taliya, in an gama a naɗe ta da ragowar gari a ciki, don ba a barinta da yunwa. Ba a wanke ta, ba a tsallake ta, ba ta fita daga gidanta. Uwar miji ke miƙa wa suruka. Wannan ta uwar Mamarasul ce, ita ta ba matarsa Hosiyat, Hosiyat kuma tana ciwon ajali ta kama hannun Zebo ta cusa a garin ta ce, “Taki ce.”

Abin da ke cin Mamarasul ke nan. Yau hannun mace zai ƙare a gidan. Fatar da ba a taɓawa bushewa take yi, ta tsage, ɓera ya ƙarasa ta. Shi ya ga yadda aka yi da ta gidan ƙanensa, aka rufe ramin kaji da ita.

Ya gyara murya ya ce, “'Yata, in kin gama ki naɗe ta, ki sa a kayanki.”

Zebo ba ta ɗago ba. Sai ga kan Inna Kumri maƙwabciya ya leƙo ta katanga, wadda ba a yin tari a gidan nan ba ta ji ba.

“Kai tsohon nan, zafin rana ne ya taɓa ka tun da safe? Ka taɓa jin supra ta hau mota? Albarkar gidanka za ka naɗe ka bayar?”

“Kumri, ki koma ki ji da akuyarki da ke cin wankinki.”

“Akuyata ta fi ka hankali. In ɗanka ya dawo da wata matar fa, me za ta kwaɓa a kai, rawaninka?”

“Ta kwaɓa a kan wayarsa,” in ji Mamarasul. “Wanda ya saki mace kamar ana korar kaza ba shi da gado a wannan fatar. Hosiyat ba shi ta ba wa ba.”

Zebo ta manna gurasa a tanderu, ta kwashe, ta jera a kwando ta rufe da zane. Ta yi da yawa, fiye da cin mutum ɗaya. Sannan ta zo ta durƙusa a gabansa, hannunta fari fat da gari.

“Baba, ba zan ɗauka ba.”

“Ni na ba ki. Wa zai hana?”

“Ba wanda zai hana. Amma a ina zan shimfiɗa ta? Gidanmu matar yayana ce ke da gari yanzu, suprar mahaifiyarmu na hannunta. Biyu ba sa zama a gida ɗaya, ka sani. Ni can baƙuwa ce, Baba. Ɗaki za a ba ni kusa da rumbu.”

Duk kwanakin nan Mamarasul yana ta juya abin a ransa, yana ganin ya samo kyautar da za ta wanke gidansa daga abin kunya, bai taɓa tuna cewa yarinyar ba ta da inda za ta je da ita ba. Shi fata yake wa kuka.

Inna Kumri ta yi ƙasa da murya ta ce, “To ku ba ni mana, in riƙa taɓa ta.”

“Ke ba kin ce ba ta fita ba?” in ji Mamarasul.



Zebo ta share ido da gefen ɗankwali ta ce, “Matso, Baba. Miƙo hannu.”

“Ni? Namiji? Unguwa ta ji?”

“Unguwa ba za ta shafa wa fatar kitse ba.”

Ya sauko daga gadon da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ta nuna masa inda fatar ta fara siriri, nan ake shafa kitsen wutsiyar rago da ɗan yatsa, kaɗan, kada ta yi wari. Ta nuna masa yadda ake tara gari a tsakiya, a kamo gefe a kan gefe. Ya yi, garin ya zube masa a cinya.

“Yaya aka yi ka noma auduga da wannan hannun?” in ji ta, tana dariya hawaye na zuba. “Sake.”

Yana cikin sakewa mota ta yi oda a ƙofa. Yayanta bai shigo ba, ko sallama bai aiko ba, kuma Mamarasul bai ga laifinsa ba. Zebo ta ɗauki ƙullin kayanta, ta tsaya tana jiran addu'ar tafiya. Ya ɗaga tafukansa, kalma ta ƙi fita. Inna Kumri ce ta yi addu'ar daga kan katanga, suka shafa.

“Ka yafe mini, Baba.”

“Ke za ki yafe,” ya ce. “Mu ne muka ci amanarki.”

Ta fita. Bai raka ta ƙofa ba, don naɗin bai kammala ba, in ya saki gefen garin zai sake zubewa.