Tsagar Bangon Inna Shekara

"Ɗaga ta can, Jannatu, a hankali," in ji Isufu, yana riƙe da gadon ta wajen kai.

Suka ja gadon ƙarfen zuwa tsakar ɗaki, Inna Shekara na kwance a kansa. Ruwan la'asar ne ya sauko da iska, yana shigowa ta tsagar bangon gabas, yana kwarara har ƙasa. Jannatu, matar Isufu, ta tara roba biyu da wata tsohuwar tukunya. Tsohuwar ta yi tari mai tsawo, sannan ta dubi maƙwabcinta.

"Na ga idonka a kan bangon nan. Kar ka soma."

"Inna, rabin buhun siminti ya isa. Gobe kafin in tafi aiki na toshe ta."

"Lauya ya ce kar a taɓa sai mai duba gini ya gani da idonsa. In ka toshe, me zai zo ya gani? Gwanintarka?"

Gidaje ashirin ne a jere a bayan garin Matameye, an gina su domin waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje. Isufu da Inna Shekara katanga ɗaya ta raba su. Ita ta yi wa matarsa wankan jegon 'ya'yansa uku, ita ke aiko masa da kunun tsamiya duk azumi. Shi kuwa a biro, wato ofishin da ke kula da gidajen, yake aiki, shi ne mai ajiye dosiye, wato fayil ɗin takardun kowane gida. Kowace takardar koke ta hannunsa take bi.

Sau uku Inna ta sa aka rubuta mata koke a kan bangon. Amsar da ta zo ta ce ita ce da laifi: awakinta da ta ɗaure a gindin bango da ruwan wankinta ne suka ci ginin, don haka gyara a kanta yake. Wannan takarda ce ta kai ta gaban alƙali. Wani matashin lauya daga Damagaram ya karɓi maganar don Allah. Tun daga nan sai ɗage rana ake yi. Sau uku ana sa ranar da injiniya mai duba ginin zai zo, sau uku ana fasawa. Isufu ya san dalili, don shef, shugaban bironsu, ya faɗa a gabansa: in aka amsa laifi a gida ɗaya, sauran sha tara za su taso. Ya kuma ja masa kunne kar ya kuskura ya yi zancen shari'ar da maƙwabciyarsa.

Da ruwa ya tsagaita, Jannatu ta fita ɗumama kunu. Isufu ya zauna a bakin gadon, yana murza hularsa.

"Inna, takardar nan ta maganar awaki. Ni na buga ta."

"Na sani."

Ya ɗago kai. "Wa ya gaya miki?"

"Kai. Ran da na kawo maka ka karanta mini, ka karanta ta har ƙarshe kana kallon ƙafarka. Ko sau ɗaya ba ka dubi takardar ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta miƙo hannu ta dafa gwiwarsa, hannun da zafi kamar an ciro shi daga toka.

"An ba ka ka buga, ka buga. Da ka ƙi, me yaran nan za su ci? Ni abin da ya tsaya mini a rai, a ce ni na ɓata gidan da aka ba ni amana. Shekara talatin ina share ɗakin haihuwa a gidan likita, ba wanda ya taɓa cewa Shekara ta bar ƙazanta. Sai da na tsufa za a rubuta mini wannan, a buga hatimi? A gyara maganar kawai, ɗana. Ko ba a gyara bangon ba."

Da safe Isufu ya ɗauki hoton tsagar da wayarsa, daga sama har ƙasa, da robobin da suka cika, da ƙafar gadon cikin ruwa. Bai ɗauki fuskarta ba. Ya kai aka wanke hotunan, ya sa su cikin dosiyenta, ya shiga wurin shef ba tare da an kira shi ba.

Shef ya jujjuya hotunan. "Ba na ce ka fita daga maganar nan ba?"

"Ka ce, Shef. Amma matar nan ba za ta ga ƙarshen damina ba. Likita ya ce sanyi ya kama huhunta. In ka ga dama ka canza mini aiki, amma a bari injiniya ya zo."

Shef ya daɗe yana kallon hoton ƙafar gadon. Ba mugun mutum ba ne, tsoron na sama da shi yake ji. Can ya jawo waya ya kira Damagaram. Da ya ajiye ya ce, ba tare da ya dubi Isufu ba, "Talata. Ka rufe mini ƙofa."

"Talata?" in ji Inna da ta ji. "To, zan jira."

Sai a ranar ta yarda a fitar da ita daga ɗakin. Dā ta ƙi, wai kar a ce ta gudu ta bar gida. Isufu ya ɗauke ta a hannu ya tsallaka da ita ɗakin Jannatu, inda babu ɗigo. 'Yarta Basira, wadda ke aure a Icirnawa, ta iso ran Asabar da goyo a baya. Ita da Jannatu suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ta ba ta ruwa da cokali, waccan ta juya ta.

Ran Litinin da safe Isufu ya leƙa gaishe da Inna kafin ya fita. An kitsa mata kai, an sa mata kwalli.

"Yau wace rana?"

"Litinin, Inna."

"Saura ɗaya ke nan." Ta huta. "Ka ce masa ya duba ta ƙasa. Daga ƙasa ta faro, ba daga sama ba."

"Ke za ki gaya masa da bakinki."

Ta yi murmushi. "Je ka, kar ka makara."

Da hantsi yana tsakiyar jera takardu wayarsa ta yi ƙara. Jannatu ce. Ba ta iya cewa komai ba sai salati. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya fito ko hula bai ɗauka ba. Kafin azahar an kai Inna makwancinta. Shi ya shiga ramin ya karɓe ta.

Injiniya ya iso ran Talata, wani dogon mutum mai furfura. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ya tuɓe takalmi, ya zauna aka yi addu'a da shi, sannan ya ce ko ya koma sai wani lokaci.

"A'a," in ji Isufu. "Ta jira ka."

Ya buɗe masa ɗakin. Mutumin ya auna tsagar, ya ƙwanƙwasa bangon.

"Ta ce ka duba ta ƙasa."

Suka zagaya baya. Injiniya ya karɓi fartanya ya tona gindin bangon da kansa, ya durƙusa, ya ɗebo abin da ke ciki ya murza. Ya zube kamar gari.

"Tushen ginin ko kamu biyu bai kai ba, kuma yashi ya fi siminti yawa. Wa ya ce awaki ne?"

"Ni na buga takardar," in ji Isufu.

Mutumin ya dube shi, ya ciro alƙalami ya hau rubutu. Da suka miƙe, sai ga maƙwabta tsaye a bakin lungu, maza biyar da mata uku. Wani dattijo ya yi sallama ya ce in ba damuwa, gidansa na nan kusa, shi ma bangonsa ya tsage. Injiniya ya kaɗe gwiwar wandonsa ya bi shi.

Lauya ya riga ya faɗa a waya cewa in mai ƙara ta rasu, maganar rufewa take, sai in magaji ya sa hannu ya ci gaba. Da la'asar Isufu ya shigo tsakar gida da takardar da ɗan akwatin tawada. Basira na zaune cikin mata, tana wanke geron gumbar sadaka.

"Yaya Isufu, wannan ba za ta ja maka fitina a wurin aiki ba?"

"Ta yiwu. Kawo babban yatsanki."

Ta goge hannu a zani, ya dangwala mata, ya nuna mata wurin, ƙarƙashin sunan uwarta. Ta danna. Ya hura takardar har ta bushe, ya ninke ta.

Basira ta koma kan aikinta. Ta ɗauki ƙwaryar ta ci gaba da tace gero, shuɗin tawadar yana fita kaɗan-kaɗan a bakin ƙwaryar duk inda ta riƙe.