Man Shanun Kaka a Cikin Kwalba

Takardar makaranta ta faɗa ƙarara: za a ɗebi jinin yara a auna kitsen da ke ciki, kada kowa ya karya kumallo. Da aka karanta wa Kaka, taɓe baki ta yi. 'Yar shekara tara ta fita da yunwa? Ba dai a gidanta ba! Ran gwajin da safe ta soya ƙwai uku da man shanu, ta ɗura wa jikarta a bayan ƙofar kicin, ta goge mata baki da gefen zane.

Da azahar aka kira su asibiti. Kaka ta zari mayafi a tsorace. Uban yarinyar nan, ɗanta tilo, yana ɗan arba'in kitse ya toshe masa jijiyar zuciya, ya tafi ya bar mata ita.

Mai gwajin jini, wata doguwa mai tabarau, ta jera 'yan kwalaben jini a gaban taga. A kowace, ja ya kwanta ƙasa, ruwa rawaya garau ya tsaya sama. Ta zaro ɗaya, samanta fari kamar an zuba madara.

"Ta jikarki ce, Mama. Ta ci wani abu da safe?"

"Ko ɗis!" in ji Kaka.

"Ƙwai uku," in ji jika. "Da man shanu."

Kai, yaran zamani ba su da rufin asiri! Mai gwaji ta yi dariya har da riƙe ciki.

"To ga man shanunki nan, Mama, yana yawo a jininta. Gobe ku dawo ba ta ci komai ba."

Kaka ta matso, baki sake. Shekara hamsin tana ciyar da mutane, a tunaninta loma na wuce maƙogwaro labarinta ya ƙare. Ashe abin da ta juya a kasko ne ke zagaya jikin yarinya, har a tsamo shi a nuna mata!

"Ikon Allah," kawai take cewa.

Washegari jika tana ta mitar yunwa, Kaka ta toshe kunne. Aka ɗiba, aka juya a na'ura, ruwan ya fito garau.

"Kitsenta daidai da na sa'anninta, Mama. Lafiyarta lau."

Mai gwaji za ta ajiye kwalbar, Kaka ta riƙe mata hannu, hawaye na zuba.

"Ƙara ɗaga mini ita, 'yar nan. Ban gama gani ba."