Tulun Auta

A ofishin da Yaya take aiki babu wanda ya taɓa jiƙa ƙafarsa a teku, amma daga safe har a tashi zancen teku ake yi. Ɗaki ne mai sanyin na'ura a hawa na biyu, tebura a jere, kowa da kwamfutarsa da kofin shayin da ya manta ya huce. Can tsakiyar ruwa akwai wasu ƙwallaye da jiragen bincike suke jefawa, su yi ta yawo duk inda ruwa ya kai su, suna auna ɗumin teku suna aiko da lamba ta tauraron ɗan'adam. 'Yan ofis ba sa wahalar da bakinsu da dogon sunansu, tuluna suke ce musu. Aikin Yaya shi ne tace abin da tulunan suka aiko. Ta ware mai kyau, ta zubar da shirme. In tulu ya yi shiru na 'yan kwanaki sai ta duba gudun ruwa da abin da maƙwabtansa suka faɗa, ta cike giɓin da ƙiyasi, ta sa alama cewa ƙiyasi ne. Daga nan masu binciken yanayi su kwasa su yi lissafinsu.

Ƙanenta Auta, ita ta nema masa aikin jirgi. Ita ta matsa masa, ita ta goge masa rigar da ya sa ranar ganawa. Ma'aikatan jirgin suna da wata ɗabi'a, wanda zai jefa tulu sai ya yi rubutu a jikinsa tukuna. Auta ya rubuta "Inna, ina gaisuwa," ya durƙusa kusa da shi yana washe baki, aka ɗauke shi hoto ya turo wa Yaya, lambar tulun ta fito raɗau a gefen gwiwarsa. Ba a yi mako ba iska ta taso, igiyar ruwa ta share shi daga bayan jirgi. An nema, an sake nema, ko takalminsa ba a gani ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Mutane suka cika gida da gaisuwa, ta ce musu su dakata tukuna. Ta sauka daga gadonta, ta shimfiɗa tabarma a kan simintin falo, nan ya zama makwancinta. Yaya ta rasa abin da za ta lallashe ta da shi, sai ta nuna mata hoton, bakinta ya suɓuce ta ce ai tulun nan har yanzu yana magana, kullum saƙonsa yana zuwa teburinta.

Inna ta ɗago. "Yana ina yanzu?"

Shi ke nan. Yaya ta kwaso tsohuwar taswira daga ofis ta manna a bangon falo, ta soka fil mai jan kai a inda tulun yake. Kowace yamma, kafin ta ajiye jaka, sai ta matsar da fil ɗin kaɗan, Inna na zaune a tabarma tana bin hannunta da ido. Yaya ta gama yanke hukunci a ranta cewa tsohuwar nan gani take Auta yana raye, yana rungume da tulunsa. Ga hawan jini, ga rashin ci. Ranar da aka ce mata tulu ya tsaya, ranar za a rasa ta ita ma. Yaya kuwa ba ta da wani a duniya sai ita.

Wata safiya abokin aikinta, wanda ake kira Gilashi, ya jawo kujera kusa da ita. Mutum ne da ba ya iya gaisuwa sai da tsokana, amma ranar a hankali ya yi magana.

"Hajiyar tuluna, kin duba na ƙanenki?"

Ta riga ta duba. Teku ba ya sauya ɗumi da gaggawa, ko yaro a ofishin ya san wannan. Tulun Auta kuwa da hantsi sai ya ɗau zafi, da asuba ya yi sanyi ƙalau, kuma ya daina motsi, yana nan a bakin wani lungun gaɓa da babu ko sunan gari a kusa da shi.

"Ya hau tudu," in ji Gilashi. "A kan yashi yake kwance. Iska yake aunawa, ba ruwa ba. In kina so ni in cire shi."

Dokar aikin ke nan, tulun da ya hau tudu a rubuta ya mutu, a fitar da shi daga lissafi. Yaya ta ce ya bari. Da hannunta ta danna, ta tashi ta shiga banɗaki ta wanke fuska, ta dawo ta ci gaba da na sauran.

Da yamma ta tsaya gaban taswira, Inna na jira. Hannunta ya saba cike giɓi. Ta san inda ruwa zai kai tulun da bai maƙale ba, sai ta ɗauke fil ta wuce da shi lungun gaɓar, ta soka shi a fili. A ofis da ta sa alamar ƙiyasi. A gida babu wanda zai tambaye ta alama. Haka ta yi washegari, haka ta yi ta yi, har fil ya yi nisa cikin shuɗin takarda.

Sai fil ya fara komawa baya.

Da farko ta ɗauka ita ce take mantuwa. Ta soka shi da yamma a nan, da safe ta same shi ya ja baya kamar faɗin yatsa. Ta matso da fuskarta jikin takardar, sai ga ƙananan huji a jere, layin da ba ita ta yi ba, ya nufi gaɓa. Ba kowace gaɓa ba, lungun nan dai da babu wanda ya san da shi a gidan sai ita.

"Inna, ke kike taɓa fil ɗin nan?"

Inna ta yi 'yar dariya ba daɗi. "Da wane hannun? Wannan da ko ɗankwali sai kin ɗaura mini?"

Gaskiya ta faɗa. Kafaɗarta ta daɗe da ƙin ɗaguwa, taswirar kuma ta fi kanta tsawo. Su biyu ne rak a gidan. Bangon da ke ƙasan taswirar ya fara danshi, fenti yana kumbura. Yaya ta kira mai gyaran famfo, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce wallahi babu bututun da ya bi ta bangon nan, ya karɓi na shayi ya tafi. Ta dangwali danshin da yatsa ta kai baki, ba ta san abin da ya sa ta yi haka ba. Ba ta gaya wa kowa gishirin da ta ɗanɗana ba.

A ofis ma ba ta huta ba. Tulun da aka rubuta ya mutu bai san an rubuta ba, batirinsa da sauran ƙarfi, yana ta aiko da saƙo yana faɗawa inda ake tara shirme. Da tsakar rana, in 'yan ofis sun fita cin abinci, sai ta buɗe ta zauna tana kallon lambar tana hawa, tana hawa, har ta kai ɗumin jikin mutum. Nan take rufewa. Tsoro take ji, tsoro na gaske, amma gobe sai ta sake buɗewa.

Inna ta fara tari. Sanyin siminti ya shiga ƙirjinta, ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Ranar hutu da safe Yaya ta kawo mata shayi, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Inna, don girman Allah ki koma gado. Kashe kanki za ki yi?"

"In hau katifa yana cikin ruwa? Yaron da ko wanka da ruwan sanyi sai an yi dambe da shi."

"In Allah ya yarda zai dawo, Inna. Ki dai kula da kanki ya same ki da lafiya."

Inna ta ajiye kofin.

"Zai dawo? Ke yarinyar nan, kin ɗauka na zare ne? Ɗana ya rasu tun ranar da aka zo aka faɗa mini. Kafin ma su buɗe baki na ji a jikina. Jira nake ya fita daga ruwa. Kowa nasa yana da ƙasar da yake kwance, nawa ne kaɗai yake ta yawo. Ranar da kika ce mini abin nan ya taɓa ƙasa, ko ta su wa ce, zan ce mutane su zo a yi masa addu'a, ni ma in kwanta in huta."

Yaya ta miƙe ta je gaban taswira. Jiya ta bar fil can tsakiyar teku. Yanzu yana bakin lungun gaɓar, saura ƙiris ya taɓa layin tudu. Ta kama jan kansa, yana da danshi. Ta zare shi ta soka a kan layin.

"Ya fita, Inna. Ga shi nan."

"Yau?"

Yaya ba ta juyo ba. "Tun kafin ki fara tarin nan."

A waje wani yana ta fama da mota ta ƙi tashi.

"Akwai rana a wurin?" in ji Inna.

"Akwai. Da tsakar rana yashin har ɗumi yake yi. Kullum ina dubawa."

Inna ta gyaɗa kai. Ta dafa bango ta miƙe, Yaya ta kawo hannu za ta tallafe ta, Inna ta kauce. A bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ba ki kyauta masa ba," ta ce. "Naɗe tabarmar nan, ki kira mini mutane."

Yaya ta durƙusa tana naɗe tabarma. Ta ji ƙarar gado da Inna ta zauna a kai, sannan ta ji kukan da ba a yi ba tun ranar da aka kawo labari.