Kwalabe Shida na Griet

Shekara arba'in da ɗaya na yi a rumbun giya na wata gonar inabi a bayan Stellenbosch. Aji uku na yi a makaranta. Amma wajen ɗanɗanar giya harshena ya fi na masu digiri, kuma ban taɓa ɓoye musu haka ba.

Shekarar da aka haifi 'yata Griet, inabin kabarne ya yi kyan da ban sake gani ba. Ni na yi haɗin: kabarne kashi bakwai, inabin marlo kashi uku, wata goma sha takwas cikin gangar katako. Mai gona ya ba ni kwalba shida. Al'adarmu ce, a kwantar da giyar shekarar haihuwar yarinya, a buɗe ranar aurenta. Na kwantar da su a lungu mafi sanyi na rumbun.

Giyar, tana sabuwa, baƙa ce wuluk, ga bauri mai ɗaure harshe. Irinta ba a yi mata gaggawa. Sai shekaru sun cinye baurin kafin ƙamshi ya fito.

Griet na da shekara ashirin da biyu ta kawo Neels, direban babbar mota. Ranar da ya fara cin abinci a gidana na zuba masa jar giya mai kyau. Ya ɗauko baƙin lemon kwalba ya tsiyaya a ciki, wai haka suke sha a tasharsu. Na bar teburin.

Ranar biki Griet ta zo cikin farar rigarta tana neman kwalabenta. Na ce giyar ba ta nuna ba. Ƙarya na yi, lokacinta ne daidai, kuma na sani. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to, in ta nuna in aika mata. Suka koma garin Worcester. Shekara goma sha huɗu gaisuwarta ta bakin uwarta take iso ni.

Matata Mieta takan ce baurin gidan nan ba a kwalba yake ba.

Bara na bar aiki. Na kwaso kwalaben, na ce wa Mieta ta gaya musu giya ta nuna. Ban iya wani ban-haƙurin da ya wuce wannan ba.

Suka zo ranar Lahadi bayan coci. Neels ya gasa kifi a tsakar gida, ya yi furfura shi ma. Na ɗauko kwalbar farko. Matoshin ya marmashe a hannuna. Na zuba, ta fito kalar tsatsa, tana warin tsohon buhu. Na kurɓa. Baurin ya tafi, ƙamshin ma ya bi shi, saura tsami. Na buɗe ta biyu, na buɗe ta uku, har shidan. Duk ɗaya.

Griet ta ɗanɗana ta ajiye kofin.

"Baba, ita ce wannan?"

"Ita ce."

"Ta nuna ke nan?"

"Tun ranar aurenki ta nuna."

Kifi na hucewa. Can Neels ya tashi ya je mota, ya dawo da babbar kwalbar baƙin lemo. Ya zuba wa matarsa a kan giyar, ya zuba wa Mieta, ya zuba wa kansa. Da ya iso kaina sai ya tsaya.

"Baba, in zuba?"

Na tura masa kofin.

Giyar ta shawu. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Mieta ta tambaya, murya a sanyaye, me harshen da ya fi na masu digiri ya ce. Na sake kurɓa, na juya ta a baki yadda na saba. Na ce wa Neels ya ƙara kaɗan.

Griet ta yi dariya har da hawaye. Ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta shiga cire mini ƙayar kifi kamar wanda ba shi da hannu.

Yanzu Lahadin farkon kowane wata suna zuwa. Neels ke kawo lemon. Mutanen rumbu ba su san ina shan giya da lemo ba, kuma na gargaɗi Mieta kada ta faɗa.