Ruwan Teku a Falon Inno

Kifi a Daura, kuma ba na miya ba! Ranar da motar Amadu ta tsaya a ƙofar gidan Inno da bokitai tara a baya, kowanne an ɗaure masa baki da leda, maƙwabta sun ɗauka manja aka kawo daga kudu. Har wata ta aiko da kwalba a sam mata. Da aka ce mata ruwan teku ne, sai ta ce Allah ya kyauta, ta koma gida da kwalbarta.

Mardiyya ce ta fito daga gaban motar, ƙafafunta sun kumbura da zaman kwana biyu daga Legas, tana rungume da wata kula kamar mai jego da jariri. Mijinta Sagir, yayan Amadu, shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi, aka binne shi a Agege kafin kowa ya iso daga gida. Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ya bari mai numfashi shi ne akwatin gilashin nan nasa: duwatsun teku, murjani mai rai da ke buɗewa kamar fure, da kifaye biyu ruwan lemo masu ratsin fari, babbar ba ta fi ɗan yatsa ba. Yana raye Mardiyya ko kallon kirki ba ta yi wa akwatin, kullum cikin mita take wai ya fi son kifi da mutane. Da ta gama takaba aka ce ta sayar da shi, ta ce atafau. Gidan mahaifinta a Sandamu wuta sai an ga dama, shi ya sa ta nufo gidan surukarta, inda Sagir ɗin da kansa ya sa sola.

Inno ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon ana shigo da gilashin falo.

"Yanzu ke Mardiyya, wannan nawa za su yi a tukunya?"

"Ba a cin su, Inno."

"To me ake da su?"

"Kallo."

"Ikon Allah. Mutumin Ikko kenan, komai nasa sai ya bambanta."

Haka take kiran Sagir, mutumin Ikko, wato Legas. Ɗan farinta ne, kuma shekara arba'in da biyu bakinta bai taɓa furta sunansa ba, saboda kunya irin ta mutanen da. Ko ranar da aka zo mata gaisuwar rasuwa ba wanda ya ga hawayenta. Ta dai ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da jan carbi, har wasu suka fita suna cewa tsohuwar nan zuciyarta dutse ce.

Mardiyya ta haɗa akwatin da abin da ta iya tunawa. Ta shimfiɗa yashi, ta jera duwatsun tun suna jiƙe, ta zuba tsohon ruwan da suka taho da shi, ta cike da sabo. Awon ta san shi, don sau da yawa ta ga Sagir yana yi: kofi kaza na gishirinsa na musamman a bokiti ɗaya. Amadu ya jona injin da ke juya ruwan a batir. Da ruwan ya kwanta ta buɗe kular ta saki kifayen, suka shige bayan dutse, can kuma suka leƙo. Abu ɗaya ne bai iso lafiya ba, ɗan abin awon gishiri da ake leƙawa da ido ɗaya. Wani ramin titi ne bayan Mokwa ya yi ajalinsa. Ta ce ba komai, ai ta san awo.

To amma bazara ce, kuma bazarar Daura ba ta san baƙo ba. Mardiyya ta saita fanka a kan ruwan, tana jefa ledojin ƙanƙara suna yawo a sama don ya huce. Kullum da safe sai ta ga ruwan ya sauka da faɗin yatsa biyu. Sai ta dama ruwan gishiri daidai awon marigayi, ta cike gurbin. Don Allah wa zai ga laifinta? Kifin ruwan gishiri, ruwansa ya ragu, me za ka ƙara masa in ba ruwan gishiri ba? Ni ma da haka zan yi.

Kwana goma sha biyu murjanin ya tsuke, ya daina buɗewa. Kifayen suka ƙi abinci. Mardiyya ta kira mai shagon da Sagir ke sayen kaya a Legas, ya tambaye ta lamba nawa abin awo ya nuna, ta ce ya fashe. Ya ce to sai ya aiko da wani, amma sai an yi mako biyu kafin ya iso. A rana ta goma sha biyar, bayan azahar, ta tarar da ƙaramin kwance a kan yashi. Ta ɗauke shi da cokali, ta naɗe a ƙyalle, ta tona gindin darbejiyar tsakar gida ta binne. Nan ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar sadakar arba'in. Takaici ne ya ishe ta: abu biyu kacal bawan Allah ya bari, ta jawo su tun daga bakin teku ta zo ta kashe ɗaya da hannunta, kuma ba ta ma san ta yaya ba.

Inno na bakin murhu tana gani.

Washegari Mardiyya ta kinkimo bokitinta za ta cike ruwa, babbar kifin tana can ƙuryar dutse tana haki. Sai ta ji an ce, "Dakata." Inno ce a ƙofar falo, ita da ba ta taɓa matsowa kusa da akwatin ba. Ta zo ta shafa bakin gilashin, yatsanta ya fito da farin ɓawo. Ta tsoma yatsan a ruwan akwatin ta lasa, ta yamutse fuska. Ta tsoma a bokitin ta lasa.

"Wanne ne awon nasa?"

"Na bokitin."

"To na akwatin nan ya fi shi nesa ba kusa ba. Kai, wannan ko saniya ta lasa sai ta yi tsaki! Me kike zuba musu kullum?"

Mardiyya ta faɗa mata.

"Haba 'yar nan, kamar ba mace ba? In kin bar miya a wuta ta ƙafe, gishirin ne ya tashi ko ruwan?"

Mardiyya ta saki baki. Bokitin ya kusa suɓuce mata.

"Ruwan ne," ta ce a hankali.

"To kin ga. Rana ta sha ruwa ta bar miki gishiri, ke kuma kina bin ta da wani. Kawo ruwan leda."

Mardiyya ta ruga ta jawo jaka guda za ta farke duka ta juye, Inno ta riƙe mata hannu. Ta ce ba a yi wa miya haka, balle abu mai rai. Kaɗan-kaɗan, kofi ɗaya bayan kowace salla. Ita ta karɓi aikin ɗanɗano kuwa. Ta idar da salla, ta shafa addu'a, sai ta taso da carbinta a hannu, ta lasa na akwati, ta lasa na bokiti, ta ce da saura. Amadu ya shigo ya gan ta yana dariya, wai Inno ta zama likitar kifi. Ta ce ya fita mata daga falo tun tana ganinsa da mutunci.

A rana ta biyar da fara hakan ta lasa, ta sake lasawa, ta ce, "Sun yi daidai." Murjanin ya fara sakin jiki gefe-gefe. Mardiyya ta barbaɗa abinci da ɗan yatsa. Babbar ta fito daga bayan dutse, ta zagaya sau ɗaya, ta cafke.

Inno ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna dab da gilashin. Ta daɗe tana kallo. Kifin ta je inda ƙaramin ya saba laɓewa, ta leƙa, ta dawo, ta sake komawa.

"Me take nema a wurin?"

"Ɗan'uwanta. Da ba ta barinsa ya yi nisa, da ya fita sai ta koro shi gida." Mardiyya ta ƙarasa cikin shakka. "Shi ya sa marigayi ya sa mata suna."

"Har da suna? Wa?"

"Inno yake ce mata."

Tsohuwar ba ta juyo ba. Ta ɗora tafin hannunta a jikin gilashin, kifin ta zo ta tsaya saitin yatsunta.

"Ita aka bari kenan," ta ce. Muryarta ta karye, hawaye suka gangaro ta bar su, ba ta ko kai gefen zane ba. "Ni ban iya koro nawa gida ba. Sagir. Allah sarki, Sagir ɗina."

Mardiyya ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafarta. Suna nan har aka kira la'asar, sannan Inno ta share fuska ta ce a miƙo mata kofin ruwan.